Ido a Sama, Ƙura a Ƙasa

 Ƴan makarantar yaƙi da jahilci, ku matso kusa da rediyo. Yau zancenmu a kan iskar da muke shaƙa ne.

Lokacin hunturu, in ka tsaya bisa gadar Kennedy a Yamai, wata rana da ƙyar kake hango ƙetaren kogi. Hazo ne. Daga ina yake zuwa? Daga hamada. Babban tushensa shi ne Bodele, wani busasshen tafki a arewacin Cadi. Iska ke kwaso ƙurar ta yo yamma da ita.

Yaya aka sani? Da tauraron ɗan Adam. Na'ura ce da ake harbawa sama, tana ɗauke da abin ɗaukar hoto. A 1977 Turawa suka harba Meteosat na farko. Nisan irinsa daga ƙasa wajen kilomita 36,000 ne. Dare da rana yana aiko da hoton Afirka. A nan Yamai, ƙetaren kogi, akwai cibiyar AGRHYMET da aka kafa a 1974. Ma'aikatanta na karanta irin waɗannan hotuna, kamar yadda kuke karanta allo. A hoto ana ganin ƙura tun tana hanya.

A 2017 an harba wani, Sentinel-5P. Shi kuwa yana auna gurɓatar iska bisa birane, irin wadda motoci da masana'antu ke fitarwa.

Ina ruwanmu? Ƙura na kawo tari da ciwon ido. Tana busar da maƙogwaro, kuma a lokacinta sanƙarau ya fi yaɗuwa. Manyanmu ba su manta da annobar 1995 ba.

Amma fa tauraro gani kawai yake yi, ba ya magani. Hayaƙin murhu cikin ɗaki ma, ba ya ganinsa. Sauran aiki namu ne. In rediyo ya ce hazo na tafe, a rufe hanci da rawani ko mayafi. A tsare yara da tsofaffi a ɗaki. Kada a ƙona leda da taya cikin unguwa. Uwargida, ki yi girki inda iska ke wucewa. In yaro ya yi zazzaɓi, wuyansa ya sandare, a kai shi likita nan take, kada a jira gobe.

To, ku ɗauki alli ku rubuta: hazo, iska, tauraro. Ku nuna wa malaminku.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.