Jawabi Kan Dokokin Wasan Ƙwallon Raga da Gasanninsa



Wasan ƙwallon raga, wanda wasu ke kira bolibol, wani malamin motsa jiki ne mai suna William Morgan ya ƙago shi a Amurka a shekarar 1895. An kafa hukumarsa ta duniya, watau FIVB, a birnin Paris a 1947, sa'an nan ya shiga wasannin Olamfik a Tokiyo a 1964. Wasa ne mai sauƙin kashe kuɗi, amma jahilcin doka kan jawo husuma a fili, ya kuma sa ƙungiya mai ƙarfi ta faɗi a banza. Saboda haka wajibi ne malamai da alƙalan wasa su san ƙa'idojinsa.

Da farko, filin wasan cikin zaure tsawonsa mita 18 ne, faɗinsa mita 9. Tsayin raga mita 2.43 ne ga maza, mita 2.24 ga mata. Kowane ɓangare yana da 'yan wasa shida, uku gaba uku baya. Ba a yarda ɓangare ya taɓa ƙwallo fiye da sau uku kafin ya tsallakar da ita ba, amma tarewar da aka yi a bakin raga ba ta cikin lissafi. Haramun ne a cafe ƙwallo ko a jefa ta. Bugunta ake yi. Duk sa'ad da ɓangare ya karɓo bugun farko daga abokan karawa, 'yan wasansa sai su juya wuri ɗaya, yadda hannun agogo ke tafiya.

Abin lura ƙwarai shi ne lissafin maki. A da, mai bugun farko kaɗai ke cin maki, zagaye kuwa ya ƙare a 15. Tun daga 1999 wannan ya sauya: kowace faɗuwar ƙwallo maki ce ga ɓangare ɗaya. Zagaye yana ƙarewa a maki 25 da ratar biyu, wanda ya ci zagaye uku shi ne zakara. In aka yi biyu da biyu, zagaye na biyar a 15 yake tsayawa. Malamin da ya koyi wasa a tsohon tsari, lalle ne ya sake nazari, don kada ya tura yara gasa da abin da aka daina.

Na biyu, wasan rairayi, wanda ya shiga Olamfik a Atlanta a 1996. Filinsa mita 16 ne da mita 8, 'yan wasa biyu-biyu, babu musanya. Zagaye maki 21 ne, na uku kuwa 15, wanda ya ci biyu ya yi nasara. A nan tarewa tana cikin taɓawa ukun. A zagaye biyu na farko, ana musayar gefe bayan kowane maki bakwai saboda rana da iska. Ba sai a bakin teku ba. Ko'ina aka shimfiɗa yashi mai laushi ya wadatar.

Game da gasa, matakin farko shi ne makarantu da jihohi, har zuwa Bikin Wasanni na Ƙasa da aka soma a Legas a 1973. Daga nan sai gasannin Hukumar Ƙwallon Raga ta Afirka, wadda ta raba nahiyar shiyya-shiyya. Nijeriya tana shiyya ta uku tare da Nijar, Gana, Togo da Binin. Masar da Tunisiya sun yi fice a gasar maza, Kenya da Kamaru a ta mata. Kamaru maƙwabciya ta ɗauki kofin mata na Afirka a 2017 da 2019 da 2021, abin da ke nuna cewa horo kan doka yana biya.

Daga ƙarshe, ana roƙon iyaye su ba 'ya'yansu, maza da mata, damar motsa jiki, shugabannin makarantu kuma su tanadi raga da ƙwallo. Da ma an ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah ya ba da zaman lafiya, amin.