Fentin Mai da Ƙasar Taloka: Jawabi ga Ɗalibai



An nemi in yi bayani a kan yadda ake haɗa fentin mai da hannu, watau irin wanda masu zanen hotuna ke shafawa da buroshi. Da yawanmu mun ɗauka wani asiri ne na Turawa, alhali kuwa abu biyu ne rak: garin launi da mai.

Mu fara da launi. Wanda ya bi hanyar Wurno zuwa Goronyo, ko ya ratsa ƙasar Rabah, ya ga tuddai masu ƙasa hawa-hawa, wata fara, wata ja, wata ruwan ƙasa. Masana ilmin duwatsu sun raɗa wa wannan shimfiɗa sunan garin Taloka, sun kuma ƙiyasta shekarunta wajen miliyan 70. Tsatsar ƙarfe ce ta rina ta. To, wannan tsatsa ita ce asalin launin ƙasar Siyena ta Italiya, wadda masu zane suka daɗe suna saye da tsada. Idan aka ƙona ƙasa rawaya sai ta koma ja, kamar yadda tukunya ke ja bayan gashi.

Ga yadda ake yi. A haƙo ƙasar, a shanya, a daka, a tankaɗe. Sa'an nan a jiƙa ta cikin ruwa mai yawa a dama. Yashi zai riga kwantawa, sai a tsiyaye ruwan mai launi cikin wani mazubi, a bar shi ya kwana. Lallausan abin da ya kwanta shi ake shanyawa. A kan maimaita haka sau biyu ko uku.

Daga nan sai niƙa, kuma a nan gwaninta take. A zuba garin bisa faifan dutse ko gilashi mai kauri, a ɗiga mai kaɗan-kaɗan, a cuɗa, a dinga murzawa da ɗan dutse mai shafaffen gindi, kamar yadda iyayenmu mata ke yi a dutsen niƙa. Manufa ita ce kowace ƙwayar gari ta lulluɓe da mai. In mai ya yi yawa, hoton zai yamutse ya yi rawaya. In ya yi kaɗan, fentin zai marmashe. Idan ya yi sulɓi, ya kuma tsaya bisa wuƙa bai zuba ba, ya ƙosa. A dā cikin mafitsarar dabba ake ɗure shi, sai a 1841 wani mai zane ɗan Amurka, John Goffe Rand, ya ƙago bututun kuza mai matsuwa.

Wuyar aikin a wajenmu tana ga man. Man gyaɗa da manja da man kaɗanya ba su bushewa, ko an shekara ana jira. Wanda ake so shi ne linsid, man 'ya'yan tsiron da ake saƙa lilin da zarensa. Shi yakan zuƙi oksijin daga iska ya daskare ya zama fata mai tauri. Cikin 'yan kwanaki za a iya taɓa hoton, amma bushewa sosai takan ci wata 6 zuwa shekara. Wannan ilmi tsoho ne: an sami zanen mai a kogunan Bamiyan na Afganistan tun wajen ƙarni na 7, kafin Jan van Eyck ya shahara da shi a Turai a ƙarni na 15.

Sai gargaɗi. Ba kowane dutse mai kyan launi ake dakawa ba. A 2010 ƙurar dutse mai dalma da ake niƙawa don neman zinariya ta hallaka ɗaruruwan yara a Zamfara. A kai samfuri ɗakin gwaji tukuna, a kuma rufe hanci wajen tankaɗe.

Jama'a, mu ba baƙin launi ba ne. Alarammomi sun haɗa tawadar zayyana da ƙaro, marina sun san baba, dukawan Sakkwato sun rina fata da karan dafi. A 1958 ɗaliban zane a Zariya, irin su Uche Okeke da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiya don hotunansu su yi kama da ƙasarsu. Saura fentin kansa, wanda har yau mafi yawansa daga waje yake zuwa, kuɗinsa na hawa duk sa'ad da naira ta faɗi, har ɗalibi yana tsoron matsa bututu.

Don haka ina kira ga ɗaliban ilmin duwatsu su auna mana ƙasar Taloka, na kimiyya su gwada man waken suya da sauran man da ke da alamar bushewa, masu zane kuma su zauna su niƙa. Da abokin daka akan sha gari.