Jawabi Kan Ciwon Ɗan Tsako

Idan ɗan tsako ya taƙure, ya saki fukafukai, ya ƙi cin tsaba, wajibi ne mai shi ya ware shi nan da nan, ya duba kashinsa.

In akwai jini, to, ciwon hanji ne, mai kama tsaki 'yan mako 3 zuwa 6, musamman da damina, a akurki mai danshi. Wannan yana warkewa. A sa masa maganin amfuroliyam cikin ruwan sha kwana 5, a share akurkin, a ajiye shi wuri busasshe mai ɗumi.

Amma in kashin kore ne, numfashi da ƙyar, wuya ya murɗe, alamar cutar Niyukasul ke nan, wadda ta kan share kajin gari da hunturu. Ba ta da magani, sai na rigakafi, wanda a ke yi a Vom.

Saboda haka hakimai su umurci dagatai su hana kai irin waɗannan kaji kasuwa. A binne mushe da zurfi, a sanar da malamin dabbobi tun ran farko.