Jirgin Ƙasa ko Mota a Gaɓar Tekun Italiya



Sharhin yau ya shafi zaɓin da ke gaban mai yawon buɗe ido da ya nufi Cinque Terre, wato wasu ƙauyuka biyar da ke maƙale a jikin duwatsu a bakin teku, arewa maso yammacin Italiya, waɗanda hukumar UNESCO ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a shekarar 1997. Tambayar ita ce, jirgin ƙasa zai hau ko mota?

Mota tana ba matafiyi damar tsayawa inda ya ga dama, amma a wannan yanki damar ba ta da yawa, domin hanyoyin ƙanana ne masu yawan kwana a kan tsauni, wurin ajiye mota ya yi ƙaranci, kuma ba a barin motocin baƙi su shiga tsakiyar ƙauyukan. Direba kuwa, idonsa yana kan kwana, ba ya samun sararin kallon teku.

Jirgin ƙasa shi ma yana da nasa aibin, domin yawancin layin dogon ya ratsa ta ramukan da aka huda cikin dutse, sai dai a hango teku jefi-jefi, ga kuma cunkoson jama'a a lokacin zafi. Duk da haka, jirgin da ke zirga-zirga tsakanin garuruwan La Spezia da Levanto yana tsayawa a kowane ƙauye, kuma 'yan mintuna ne kacal tsakanin tasha da tasha.

Saboda haka, jirgin ƙasa ya fi dacewa da wannan gaɓa. Matafiyi ya bar motarsa a La Spezia, ya hau jirgi, ya sauka ya taka da ƙafa, domin daga hanyoyin ƙafa da ke haɗa ƙauyukan ne ake ganin teku sosai.