Funfunar dusa tana kaiwa har cikin ƙwaryar nono



Maganata yau a kan buhun dusa ko na tunkuza ne, wanda muke jinginewa jikin bango cikin ɗakin da muke kwana. In damina ta sauka, bango ya jiƙe, buhu ya sha laima, sai ya yi funfuna. Ƙurarta kaɗai takan sa yara tari, ta kuma tada ciwon mai asma.

To, babbar ɓarnar ba nan take ba. Mukan ce zubarwa asara ce, gara a ba saniya. Alhali wata funfunar, mai kore-kore, tana fitar da guba da likitoci ke kira afulatokzin, musamman a gyaɗa, masara da angurya. Saniya ta ci, wani kashi ya fito cikin nononta, yaranmu su sha. Tafasawa ba ta kashe ta. Hanta take ci a hankali, har ta kai ga kansa, balle ga mai ciwon hanta tun farko. A Kenya, cikin 2004, mutum 125 suka rasu saboda masarar da ta yi funfuna.

Saboda haka a shanya hatsi ya bushe ƙarau kafin a ɗura. A ɗora buhu bisa itace, nesa da bango, a toshe yoyon rufi, a bar iska ta ratsa ɗaki. Ku masu saye a kasuwa, ku cusa hannu tsakiyar buhu, ku sansana. In dusa ta dunƙule ko tana warin laima, ku bar wa mai ita, kome arharta.