Jawabin Shugabar Shirin Horar da Malaman Harshe a Bikin Yaye Su a Tirkaniya

Mai girma Shugaban Ƙaramar Hukumar Chikun, wakilin Hukumar Ilimin Bai-ɗaya ta Jihar Kaduna, wakilin Cibiyar Malamai ta Ƙasa, ranka ya daɗe Hakimi, masu unguwanni, limamai da fastoci, shugabannin makarantu, iyayenmu maza da mata, 'yan jarida, da ku malamai da muke yayewa yau.

Mun gode wa Allah da ya nuna mana wannan rana. Malaman nan sun koyi tsara darasi, da koyar da sautin baƙi da wasali, da auna karatun yaro, da haɗa kayan koyarwa da kwali da murafun kwalba. Sun kuma san yadda ƙwaƙwalwa ke kama abu da yadda take sakinsa. Tun 1885 Bajamushe Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa yawancin abin da aka koya yakan zube cikin kwanakin farko idan ba a waiwaye shi ba. A 1988 John Sweller na Ostireliya ya bayyana cewa ƙwaƙwalwa ba ta ɗaukar sabbin abubuwa da yawa a tashi ɗaya. Shi ya sa muka ce kada a jibga wa yaro ɓ da ɗ da ƙ a rana guda. A ba shi ɗaya, gobe a rufe littafi a tambaye shi, bayan mako a sake. Alarammominmu sun daɗe a kan wannan hanya: ba a wanke allo sai karatu ya zauna, kuma ba a barin tilawa.

Kowa ya san yadda masaƙun Kakuri suka tara jama'a a wannan yanki tun daga 1957. Saboda haka a aji ɗaya za ka sami Bagwari da Bajju da Tibi da Bayarabe da Bahaushe. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya fara a Ife a 1970 ya nuna cewa yaron da ya soma karatu da harshen gida ba ya baya a Turanci. Don haka a daina cin tarar yaro don ya yi yaren uwarsa.

Abin da zan faɗa yanzu ba ya cikin takardar da ke hannuna. Masu hira a can baya, ku ajiye wayoyin nan, har da ku nake.

Akwai yaran da muke zaunarwa a bencin ƙarshe, shekara ta zagayo ba su karanta kalma ɗaya ba, mu ce daƙiƙai ne. Wani kurma ne, wani allon ne ba ya gani, wata haruffa ke rikice mata. Bulala ba ta taɓa buɗe kunne ba! A Janairun 2019 aka sa hannu a dokar ƙasa da ta haramta nuna wa masu buƙata ta musamman wariya, har a makaranta. To, ina malamin maganar hannu? Ina littattafan rubutun makafi? Ranka ya daɗe Shugaba, ba gini muke roƙo ba. A sa albashin malamin maganar hannu cikin kasafin kuɗi, a sayo kayan rubutun makafi, a turo ma'aikatan lafiya su duba ido da kunnen kowane ɗan aji ɗaya. Na faɗa a ofis, yau na maimaita a gaban Hakimi, kuma zan dawo da buƙatar a rubuce.

Iyaye, ku daina ɓoye irin waɗannan yara a gida ko tura su bara. Ku kawo mana su.

Ku kuma malamai, takardar shaida ba ta koyarwa. Ranar Litinin ku dawo da yaran bencin ƙarshe gaba, ku san sunan kowannensu da abin da ke hana shi karatu. Za mu zagayo mu gani.

Allah ya sa albarka a aikinku, ya zaunar da Kaduna lafiya, ya mai da kowa gida lafiya.