Rance Mai Sauƙi da Tsabtar Gulbin Rima



Maganata a yau ta shafi ruwan da muka gama amfani da shi. A Argungu da Birnin Kebbi yawancin gidaje sun dogara ne da masai, ruwan wanka da na wanke-wanke kuwa kwata yake bi. In damina ta kankama, sai ruwan sama ya kwashi dagwalon nan ya kai fadama, daga can ya faɗa gulbi. Tun da yake Argungu ce a sama, abin da ta zubar Birnin Kebbi zai tarar. Gulbin nan kuwa shi ne abincin masunta da manoman shinkafa, shi ne kuma tushen bikin kamun kifin da aka fara a 1934. Annobar kwalara ta 2021, wadda ta kashe fiye da mutum 3,000 a Nijeriya, ta isa gargaɗi.

Maganin ba boyayye ba ne. Ƙasa mai zafi irin tamu tafkunan tacewa suka dace da ita, inda rana da ƙananan halittu ke cinye ƙazanta kafin a saki ruwan. Wuyar aikin ita ce kuɗin gini.

A 1987 Amurka ta kafa wa wannan aiki asusu a kowace jiha. Gwamnatin tarayya ta zuba kuɗi, jiha ta ƙara kashi 20 bisa ɗari na abin da aka ba ta. Gari ya ranta da kuɗin ruwa kaɗan, ya biya cikin shekaru masu yawa, abin da ya biya kuma a ranta wa wani garin. Ƙarfin asusun duka yana ga biya.

Mu ma mun san rance mai sauƙi. A nan Birnin Kebbi Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da rancen Babban Banki ga manoman shinkafa a watan Nuwamba 2015, kuɗin ruwansa kashi 9 bisa ɗari. Noma ya bunƙasa, amma bashi mai yawa bai dawo ba, domin wasu sun ɗauke shi kyauta ce. To, shinkafa ma da ake kaiwa kasuwa ke nan, balle tafkin tacewa da ba ya sayar da kome.

Saboda haka, kafin a sa hannu a takardar rance, wajibi ne a san wanda zai biya: ɗan haraji a kan kasuwanni da mayanka da masana'antun casar shinkafa, a ajiye shi a asusu na dabam. Masu gudun riba kuma ga hanyar sukuk, wadda gwamnatin tarayya ta fara gina hanyoyi da ita a 2017.

Ku ɗalibai, gobe ku ne a ofisoshin nan. Duk takardar rancen da ta zo gabanku, ku fara tambayar ta inda za a biya.